Ping Ya Ƙi Tsayawa? Kada Ka Kashe Rauta

Duk wanda ya taɓa zama firatikal ɗin netwok a lab ya san wannan yanayin. Ka rubuta umarni a kan rauta, ka danna Enter, allo ya fara jero maka ɗigo ɗaya bayan ɗaya, sai a ɗigo na huɗu ka lura ashe adireshin ma ba daidai ka rubuta ba. Ka danna Ctrl da C, shiru. Ka danna Esc, shiru. Ka hau Enter da duka, babu abin da ya canza. Ga malam can yana tahowa da takardar maki, na kusa da kai kuma har ya gama.

A lab iyakar abin da za ka rasa maki biyu ne ko uku. Ni a wajen IT abin ya same ni, kuma asarar ta wuce maki.

Wani kamfani ne mai sayar wa ofisoshi intanet. Rannan injiniyan da aka haɗa ni da shi ya tafi da ni ofishin wani kwastoma, ya jona laftof ɗinsa da rautarsu ta Cisco da kebul ɗin konsol, ya yi kusan awa biyu yana gyaran saiti. Da aka kira azahar ya miƙe ya ce, "Ɗan IT, gwada min layin reshensu kafin in dawo." Ni kuma don in burge, na rubuta ping da adireshin, na ƙara repeat 1000. Lamba ɗaya na kuskure a adireshin. Ɗige-ɗige suka fara fitowa. Na gwada duk maɓallin da na sani, har na rufe PuTTY na sake buɗewa, na tarar abin yana nan yana tafiya. Da na ji tsoron kada ya dawo ya tarar na ɓata wani abu, sai na kai hannu bayan rauta na kashe na kunna.

Bai riga ya adana aikinsa ba. Duk abin da ya yi a awa biyun nan ya tafi, ofishin mutane ya zauna babu intanet har bayan la'asar.

"Wa ya ce ka taɓa makunnin?"

"Oga, wallahi ƙin tsayawa ta yi."

Bai yi faɗa sosai ba. Ya sake buga ping ɗin, ya ɗora yatsa a kan layin farko da ya fito: Type escape sequence to abort. Wato rautar da kanta ta gaya min akwai maɓallan da zan danna in tsayar da ita, ni ne ban san su ba. Ya danna maɓallai uku, abin ya tsaya cak.

Ganin 'yan ND 1 sun kusa fita nasu IT ɗin, na ga ya kamata in rubuta abin da na koya daga ranar zuwa yau.

Me ya sa suke jan lokaci haka?

Ga 'yan wasu sassan da ke karanta wannan, rauta ita ce na'urar da ke zaune tsakanin netwok biyu ko fiye, tana zaɓa wa kowane fakitin saƙo hanyar da zai bi. MiFi ɗin da ke aljihunka ma ƙaramar rauta ce. Manyan ba su da allo ko kibod, sai dai ka jona kwamfuta ka riƙa rubuta musu umarni.

A cikin umarnan binciken matsala, biyu ne aka fi amfani da su. Na farko ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983 a Amurka. Aikinsa kamar sallama ne a ƙofar gida: ya tura ɗan fakiti zuwa wani adireshi ya jira a amsa. A rautar Cisco, in ba ka ce komai ba, fakiti 5 zai tura, kowane mai girman bayit 100, kuma zai jira kowane na tsawon daƙiƙa 2. In an amsa ka ga alamar motsin rai, in ba a amsa ba ka ga ɗigo. Saboda haka ping na yau da kullum, ko ya lalace, daƙiƙa 10 ne ya ƙare. Matsalar tana farawa ne lokacin da ka ƙara yawan fakitin. Nawa na repeat 1000, tunda babu mai amsawa, daƙiƙa 2,000 zai ci, wato minti 33 da ɗoriya. Kuma rautar tana karɓar lamba har sama da biliyan 2 a wurin, don haka hannunka na iya zamewa ka ɗaure kanka na kwanaki.

Na biyu traceroute, aikin Van Jacobson na 1987. Shi hanyar yake bi yana lissafo kowace rauta da saƙo ya ratsa. Dabararsa tana kan wata lamba da ke jikin kowane fakiti mai suna TTL. Duk rautar da fakiti ya ratsa sai ta rage ɗaya, in lambar ta kai sifili sai ta zubar da shi ta aiko da sanarwa. To traceroute sai ya fara turawa da TTL 1, rauta ta farko ta bayyana kanta, ya tura da 2, ta biyu ta bayyana, haka har a isa. A Cisco kowane zango gwaji 3 ake yi, kowane gwaji a jira daƙiƙa 3, zango kuma har 30. In hanya ta yanke tun daga farko, ko wata katangar tsaro tana haɗiye amsar, lissafa ka gani: 30 sau 3 sau 3, daƙiƙa 270. Minti huɗu da rabi kana kallon taurari a allo, alhali tun a layi na uku ka riga ka san inda matsalar take.

Duk tsawon wannan lokacin layin da kake kai a kame yake, ba zai karɓi wani umarni ba. Rufe PuTTY kuma bai taimake ni ba saboda ta konsol na shiga. A cikin rauta ping ɗin yake gudana, PuTTY taga ce kawai da nake leƙawa.

Maɓallan uku

A rauta ko suwic ɗin Cisco mai manhajar IOS, ka riƙe Ctrl da Shift tare, sannan ka taɓa 6, ka saki. Shidan da ke layin sama na kibod ake nufi, wanda ke saman T da Y, ban da na gefen dama. Wani lokaci sai ya ɗan jira gwajin da yake kai ya ƙare, don haka ka ba shi daƙiƙa biyu ko uku kafin ka ce bai yi ba.

Ribar tsayarwa ta wannan hanyar ita ce sakamakonka bai ɓata ba. Rautar za ta rubuto maka layin Success rate, ta faɗi kashi nawa cikin ɗari suka dawo daga cikin waɗanda aka riga aka tura, in akwai waɗanda suka dawo kuma ta faɗi tsawon lokacin da suka ɗauka. Injiniyoyi da gangan suke sa babbar lamba, su je su taɓa kebul ko su juya eriya, su dawo su tsayar su duba.

To me ya kawo 6 cikin maganar? Amsar tana cikin jadawalin ASCII da muka yi a shekarar farko. Jadawalin yana da lambobi 128, kuma 32 na farko, daga 0 zuwa 31, ba haruffan rubutu ba ne, alamomin sarrafa na'ura ne. Maɓallin Ctrl shi ne hanyar samar da su: ka haɗa shi da babban harafi, a cire 64 daga lambar harafin. C lambarsa 67, a cire 64 saura 3, shi ne Ctrl da C. Ita kuwa IOS lamba 30 take jira. Ka ƙara 64 a kan 30 ka samu 94, wato alamar ^ mai kama da hula. A kibod irin na Amurka da Ingila, waɗanda su ne a lab ɗinmu, wannan alamar a kan 6 take, sai da Shift ake samunta. Kenan Ctrl da ^ kake dannawa, shi ya sa a wasu takardun za ka ga an rubuta shi Ctrl-^.

Wannan ya bayyana abin da ke faruwa da wanda laftof ɗinsa ke da kibod ɗin Faransa, irin mai farawa da AZERTY da ake yawan gani a Nijar. A can alamar ba a kan 6 take ba, don haka maɓallan ukun na iya ƙin aiki. Mafita ita ce ka canza alamar gaba ɗaya. Rubuta terminal escape-character 3 kafin ka fara aiki, daga nan Ctrl da C zai riƙa tsayar maka da ping har ka fita. In kana so ya zauna dindindin sai ka shiga saitin layi, line console 0 ko line vty 0 4, ka rubuta escape-character 3. Amma wannan na biyun a kan rautarka ta gwaji kawai. A kan rautar mutane ka tsaya a na farko, don wanda zai zo bayanka 6 ya sani.

Akwai hikima a ƙin amfani da Ctrl da C. Sau da yawa rauta mashiga ce, ta cikinta kake ratsawa zuwa wata na'ura, misali sabar Linux, wadda ita ma tana buƙatar Ctrl da C don tsayar da nata aikin. Da rauta za ta riƙa tare shi a hanya, ba zai isa inda aka nufa ba. Zaɓen alamar da kusan babu mai amfani da ita ya raba gardamar. A IOS Ctrl da C yana da nasa aikin daban, yana fitar da kai daga yanayin saiti. Ctrl da Z ma yana fitarwa, sai dai shi a kula: in akwai cikakken umarni a rubuce a layin, zai aiwatar da shi kafin ya fita.

In ta cikin wata rauta ka shiga

Nan ne da yawanmu muke rikicewa, saboda mun haddace "Ctrl Shift 6 sai x" daga bidiyon YouTube ba tare da sanin aikin x ɗin ba.

A ce ka jona laftof da R1, daga R1 ka yi telnet ko SSH zuwa R2, a kan R2 ka buga traceroute. Ka danna maɓallan uku sau ɗaya, babu abin da ya faru. Dalili shi ne R1 ce ta fara karɓa, ta riƙe, tana jiran ta ga me zai biyo baya. In ka sake danna su karo na biyu, sai ta miƙa wa R2, traceroute ya tsaya. Don haka a irin wannan yanayin sau biyu ake dannawa.

In kuwa x ka danna bayan na farkon, R1 za ta jingine haɗinka da R2 ta dawo da kai kanta. Za ka ga wurin rubutu ya dawo, ka ɗauka ka yi nasara, alhali traceroute yana can yana tafiya a R2. Haɗarin ma ya fi haka: kana iya ci gaba da rubuta saitin R2 a kan R1 ba ka sani ba. Kullum ka dubi sunan da ke gaban alamar # kafin ka rubuta komai. Umarnin show sessions zai nuna maka haɗin da ka jingine, resume da lambarsa zai mayar da kai, disconnect kuma ya yanke shi. Ko Enter kawai ka danna a layin da babu komai, zai mayar da kai haɗi na ƙarshe.

In ta konsol ka shiga kai tsaye, babu wata rauta a tsakani, x ba shi da aiki. Ping zai tsaya tun a maɓallan uku.

Kuskuren rubutu

Akwai wani tsaiko da kowa ya sha a Packet Tracer. Ka so rubuta show, hannu ya zame ka rubuta shwo, sai rauta ta fito da Translating, da kalmar da ka rubuta, da domain server da adireshin 255.255.255.255, ta tsaya tana nazari. Abin da ya faru shi ne IOS tana ɗaukar duk kalma guda da ba ta gane ba a matsayin sunan wata na'ura da kake son shiga, sai ta fita neman adireshinta ta DNS. Da yake ba a saita mata sabar DNS ba, sai ta yi shela ga kowa a netwok ta zauna jiran amsar da ba za ta zo ba.

Maɓallan ukun suna katse wannan ma. Maganin dindindin kuma shi ne no ip domain-lookup a yanayin saiti, shi ya sa kusan kowace takardar firatikal da shi take farawa. Sai dai yana da farashi: rautar ta daina neman sunaye ta DNS gaba ɗaya, ping sai da lamba. A wurin aikin da ake buƙatar sunayen, ana sa transport preferred none a saitin layi, wanda ke hana rauta ɗaukar kuskurenka a matsayin suna amma ya bar DNS yana aiki.

Wanda maɓallan ba sa tsayarwa

Debug daban yake, kuma shi ya fi haɗari. In ka rubuta debug ip icmp, rautar za ta mayar maka da wurin rubutu nan take, ita kuma ta ci gaba da zubo rahoto duk lokacin da abin ya faru. Umarnin ya riga ya gama, fitila ka kunna ka bari, don haka babu abin da Ctrl, Shift da 6 za su katse. Kashewa ake yi da wani umarnin: undebug all, ko a gajarce un all.

Wahalar ita ce rahoton na iya yin yawan da ba ka ma ganin abin da kake rubutawa. Kada ka tsaya, rubuta a makance ka danna Enter, rautar tana karɓar haruffanka ko da allon ya hargitse. Wata dabara da oga ya koya min: ka fara rubuta undebug all kafin ka kunna debug ɗin, ta yadda in ruwa ya ɓalle kibiyar sama sau biyu da Enter sun ishe ka. Sa logging synchronous a layin konsol ma yana taimakawa, don yana sake rubuto maka layin da rahoto ya yanke.

In ta SSH ka shiga, ba za ka ga rahoton ba sai ka rubuta terminal monitor. Wasu suna rubuta terminal no monitor su ɗauka sun kashe, alhali ɓoye shi kawai suka yi, rautar tana can tana fama. Kafin ka tashi rubuta show debugging ka tabbatar babu abin da ya rage. Su kuwa debug all da debug ip packet, a bar su a lab. A kan rauta mai ɗauke da zirga-zirgar ofis suna iya cinye ƙarfinta har ta daina amsa kowa, musamman in rahoton yana bi ta konsol mai gudun 9600 kacal.

Sauran na'urori

Ba ko'ina ne 6 ke aiki ba. MikroTik, wadda za ka yawan tararwa a kafe da ƙananan kamfanonin intanet, ping ɗinta ba ya tsayawa sai ka danna Ctrl da C. Juniper ma Ctrl da C ne, haka Huawei. A Linux ping yana tafiya har sai ka tsayar da Ctrl da C, ko ka iyakance shi da -c da lamba. Windows fakiti 4 yake turawa ya tsaya da kansa, sai in ka sa -t. Ranar farko a wurin aiki, tambayi irin na'urar da ke gabanka, matambayi ai ba ya ɓata.

Abubuwa biyu kuma kada a haɗa su da wannan. In ka ga --More-- a ƙasan allo bayan show running-config, rautar ba ta maƙale ba, jiranka take: maɓallin tazara ya ba ka shafi na gaba, Enter layi ɗaya, q ya fitar da kai. Shi kuma Ctrl da Break na lokacin tashin rauta ne, yana jefa ta cikin ROMMON inda ake gyaran kalmar sirri. Ba shi da alaƙa da ping.

Kafin ka danna Enter

Abin da ya sa kashewar da na yi ta zama ɓarna shi ne rauta tana da saiti biyu. Wanda ake aiki da shi, running-config, a RAM yake zaune, wuta na ɗaukewa ya goge. Wanda take tashi da shi, startup-config, yana cikin NVRAM. Duk gyaran da aka yi a na farkon yake, sai an rubuta copy running-config startup-config sannan ya koma na biyun. Injiniyoyi da yawa da gangan suke jinkirta adanawa sai sun gwada komai, saboda haka in ka tarar da mutum yana tsakiyar aiki, ka ƙaddara bai adana ba.

Shi kansa ping ɗin da ya firgita ni ba ya canza komai a saiti. Da na naɗe hannu na jira oga, ofishin ba zai rasa intanet na minti ɗaya ba. Ping da traceroute dubawa kawai suke yi, katse su ba ya ɓata komai, barin su ma haka. Abin da ake tsoron katsewa shi ne lokacin da rauta ke rubuta wani abu a ma'ajiyarta, kamar kwafar sabuwar IOS, nan kam ko kusa da makunnin kada ka je.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina fara ping da fakiti 5 ɗin nan na asali, sai na ga an amsa sannan in ƙara yawa. In na ga ɗigo ɗaya a farko sai alamar motsin rai huɗu, ba na damuwa, ARP ne yake neman adireshin maƙwabci. A traceroute ina ƙara numeric don kada ya tsaya neman sunan kowane zango, in rage timeout zuwa 1. In kuma an ɗaure layin konsol, ana iya shiga ta SSH, a duba show users, a saki layin da clear line da lambarsa.

A firatikal ɗinku na gaba, buɗe Packet Tracer ka jona rauta biyu, ka buga traceroute zuwa adireshin da babu shi, ka tsayar. Sannan ka yi telnet daga ɗaya zuwa ɗayar ka sake gwadawa, sau ɗaya da x, sau ɗaya ba tare da shi ba, kana kallon sunan da ke gaban alamar #. Minti goma ya isa. In an samu rauta ta gaske a lab a maimaita a kanta, don Packet Tracer kwaikwayo ne, ba komai yake yi daidai da na'ura ba.

Allah ya ba 'yan IT sa'a, mu kuma masu fita ya sa mu gama lafiya.